HUSUFI DA HAKKIN JAMA'A A KAN MASU ILMIN FALAKI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka sama, Ya hore rana da wata, kowannensu yana tafiya bisa ƙa'idar da aka yanka masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani aiki ne da ba a cika lissafa shi cikin ayyukan addini ba, alhali kuwa yana cikinsu. Wannan shi ne aikin mutumin da ya san ilmin falaki, ya kuma ɗauki nauyin fahimtar da jama'a abin da suke gani a sama. Mutane suna ganin wata ya yi duhu ko ya rine ja, suna ganin tauraro ya tsinko kamar an harba shi, wani zubin kuma tauraro mai wutsiya ya bayyana ya yi makonni. Duk wanda ya ga irin wannan dole ya nemi bayani. In bai samu daga bakin mai ilmi ba, to, zai samu daga bakin mai camfi ko ɗan duba. Da ma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA RASHIN BAYANI YAKE JAWOWA

A ƙasar Hausa tun da, idan aka yi husufin wata sai a ce rana ce ta kama wata, wai don ya ratse ya bi hanyarta. Nan da nan yara da mata za su fito da ƙorai da gwangwanaye da ganguna, a dinga kaɗawa ana kewaya gari ana roƙon rana ta sake shi. Idan watan ya washe sai a koma gida ana ganin roƙon ne ya karɓu. Wannan al'ada kuskure ce a aƙida, ko da yake ba ta zubar da jinin kowa ba.

Amma akwai lokacin da abin ya wuce kiɗan ƙwarya. A daren Talata, 9 ga Janairu, 2001, an yi cikakken husufin wata wanda aka gani a Nijeriya. A Maiduguri wasu matasa suka ɗauka cewa zunuban masu saɓo ne suka jawo shi, sai suka auka wa otal-otal da wuraren shan giya, suka ƙona da dama daga cikinsu. Abin lura shi ne, wannan husufi masana sun san ranarsa da sa'arsa shekaru masu yawa kafin ya zo, yana rubuce a jadawalinsu. Ilmin yana nan, sai dai bai isa kunnen waɗanda suke bukatarsa ba.

Da husufin rana na Laraba, 29 ga Maris, 2006 ya gabato, wanda inuwarsa ta ratso Ghana da Togo da Binin, ta bi ta kan Gusau da Katsina ta shige Nijar, hukumomi sun yi ta sanarwa tun da wuri, suna gaya wa mutane ranar da lokacin, suna kuma gargaɗi kada a firgita. Rana ta yi duhu da hantsi, amma ta iske jama'a da labarinta a kunne. Tsakanin waɗannan shekaru biyu sama ba ta canja ba. Abin da ya bambanta su shi ne an samu masu bayani.

MANZON ALLAH NE YA FARA GYARA

Wannan aiki yana da asali a sunna. A shekara ta 10 bayan hijira, Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina yana jariri. A ranar kuma sai rana ta yi husufi. Mutane suka ce rana ta yi husufi ne saboda mutuwar Ibrahimu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya jagoranci jama'a salla mai tsawo, sa'an nan ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su idan sun ga haka su yi salla da addu'a da sadaka har abin ya yaye. Wani masanin falaki na Masar, Mahmud Basha al-Falaki, wanda ya rasu a 1885, ya bi lissafi ya gano cewa husufin ya dace da 27 ga Janairu, 632.

Ya kamata mai karatu ya dubi halin da Annabi yake ciki a wannan rana. Uba ne da ya binne ɗansa, maganar da mutane suke yi kuwa girmama shi take nufi, domin tana nuna har sama ta taya shi baƙin ciki. Da mai neman duniya ne, da ya yi shiru ya bar maganar ta bazu. Amma bai bari an kwana da kuskuren ba. Darasi na farko ke nan ga duk mai bayyana wa jama'a al'amuran sama: gaskiya ake faɗi, ko da camfin yana yi wa mai faɗin amfani.

Haka kuma Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wani dare wasu Ansaru suna zaune tare da Annabi, sai tauraro ya tsinko ya haskaka. Ya tambaye su abin da suke faɗi a zamanin jahiliyya idan sun ga haka. Suka ce sukan ce an haifi wani babban mutum ko kuwa wani babba ya mutu. Sai ya kore musu wannan zato. A nan ma akwai koyi, domin ya fara jin abin da ke ransu tukuna, sa'an nan ya gyara.

YADDA HUSUFI YAKE AUKUWA

Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne yake sauka a kansa ya dawo wa mutanen duniya. Yana kewaya duniya, nisansa da ita kimanin kilomita 384,000, ita kuma duniya tana kewaya rana, wadda nisanta ya kai kimanin kilomita miliyan 150. Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne a matsakaici, shi ya sa watan Musulunci yake yin kwana 29 ko 30.

Idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, suka daidaita a layi ɗaya, inuwar duniya sai ta faɗa kan wata. Wannan shi ne husufin wata, kuma ba ya yiwuwa sai a tsakiyar wata lokacin da ya cika. Idan kuwa wata ne ya shiga tsakanin rana da duniya, sai ya tare hasken rana ga mutanen da inuwarsa ta faɗa wa. Wannan shi ne husufin rana, ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata lokacin da ya ɓuya. Daga hikimar Ubangiji, rana ta fi wata faɗi kimanin sau 400, ta kuma fi shi nisa kimanin sau 400, saboda haka a ido suke zama kusan daidai, har ƙaramin ya iya rufe babbar.

Malami zai iya nuna wa almajiransa wannan a zaure da dare. A kunna fitila a ajiye, ita ce rana. Yaro ya riƙe lemo ya miƙa hannu, lemon shi ne wata, kan yaron kuma shi ne duniya. Idan ya juya wa fitilar baya, inuwar kansa za ta rufe lemon. Idan ya fuskance ta ya sa lemon a gaban idonsa, lemon zai tare masa hasken. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake cewa rana ta kama wata ba, domin ya gane cewa a daren husufin wata rana tana wani gefe, wata yana ɗaya gefen, duniya ce a tsakaninsu.

Akwai mai tambaya, me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar da wata yake bi ta karkata daga hanyar rana da kimanin daraja 5, saboda haka galibi yakan wuce ta saman inuwar ko ta ƙarƙashinta. Sai a wasu lokuta ƙididdigaggu ne layin yake daidaita. A shekara guda, idan aka haɗa na rana da na wata a duniya baki ɗaya, husufi ba ya kasa huɗu, ba ya kuma wuce bakwai. Tun zamanin mutanen Babila aka lura cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da 'yan sa'o'i. Jan da wata yake yi kuwa, wanda ya fi komai tsorata mutane, iskar da ta lulluɓe duniya ce take tace hasken rana, ta karkatar da jan cikinsa zuwa kan wata, kamar yadda sama take yin ja da almuru. An ga haka sosai a daren 27 ga Yuli, 2018, lokacin da wata ya yi sa'a 1 da minti 43 cikin cikakkiyar inuwa.

MATSAYIN MALAMAN MUSULUNCI

Wasu suna tsammanin wannan bayani na Turawa ne, kuma karɓarsa raunin imani ne. Wannan zato bai san tarihi ba. A shekarar 997, Albiruni yana birnin Kas na ƙasar Huwarizmi, Abul Wafa yana Bagadaza, suka yi alkawari kowa ya auna lokacin wani husufin wata a garinsa, da bambancin da suka samu suka gane tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma. Manyan masallatai a da suna da ma'aikaci na musamman mai lissafin lokutan salla, irin su Ibnush Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa, amma a gabatarwar littafin ya ware bayaninsu game da husufi, ya ce ba abin jayayya ba ne, domin ya tsayu a kan hujjar lissafi. Ya yi gargaɗi cewa wanda ya ƙaryata irin wannan da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya koma yana shakkar addinin. Shaihul Islami Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, shi ma ya bayyana cewa husufi yana da lokuta sanannu kamar yadda tsayuwar wata take da su, kuma wanda ya ba da labarinsa ta hanyar lissafi bai yi da'awar sanin gaibu ba. Alƙur'ani kansa, a Suratur Rahman aya ta 5, ya tabbatar da cewa tafiyar rana da wata bisa lissafi take, a Suratu Yunus aya ta 5 kuma ya nuna an sanya wa wata masaukai domin mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi.

INA TSORATARWAR, IN AN SAN LOKACIN?

A nan ne wasu masu kyakkyawar niyya suke samun ruɗani. Sukan ce, hadisi ya nuna Allah Yana tsoratar da bayinSa da husufi, to, yaya abin da aka sanar a rediyo tun mako guda zai zama tsoratarwa? Amsar ita ce sanin sababi ba ya kore aya. Likita yana iya faɗin cutar da ta kashe mutum, amma wannan bai hana mutuwa zama wa'azi ga masu rakiyar gawa ba. Manomi ya san lokacin damina, amma idan hadari ya haɗo aka yi tsawa, zuciyarsa tana tuna Mai iko. Wanda ya san girman rana da nisanta, ya kuma ga an ɗauke haskenta da tsakar rana, shi ya fi cancanta ya ji tsoro, domin ya fi kowa sanin girman abin da ake jujjuyawa. Husufi yana tuna wa mumini ranar da Suratul Ƙiyama ta ba da labari, wadda za a shafe hasken wata a haɗa shi da rana. Ranar nan kuwa babu jadawalin da ya ƙunshe ta.

Sa'an nan, tsoron da shari'a ta nema shi ne wanda yake mayar da mutum ga laifin kansa. Abin da Annabi ya yi umarni da shi salla ne, da addu'a, da istigfari, da sadaka, da 'yanta bayi. Babu inda ya ce a je a nemi masu zunubi a far musu. Hukunta mai laifi aikin hukuma ne, ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya kuwa saɓo ne da aka ɗora a kan saɓo, a daidai lokacin da aka nemi a tuba.

IYAKAR FALAKI DA DUBA

Wajibi ne mai bayani ya rarrabe wa jama'a abu biyu da suke kama da juna. Na farko ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara da shi, wannan halal ne, wani sashensa ma farilla ce ta kifaya. Na biyu da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da aure da mutuwar sarakuna, wannan shi ne duban da shari'a ta hana. Buhari ya kawo maganar Ƙatada cewa an halicci taurari don abu uku, ado ga sama, da jifan shaiɗanu, da alamun gane hanya, wanda ya nemi wani abu bayan wannan ya ɓata rabonsa.

Misali na kusa shi ne taurarin damina da malamai da manoma suke ƙidayawa, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasra da Ɗarfa da Jabha. Masaukai 28 ne, kowanne kwana 13, in ban da ɗaya mai 14, jimilla kwana 365. Wanda ya ce ana sa ran ruwa a lokacin tauraro kaza bisa ga yadda Allah Ya saba gudanarwa, bai yi laifi ba. Wanda ya ce tauraron ne ya saukar da ruwan, ya faɗa cikin abin da hadisin Zaidu ɗan Halidu na cikin Muwaɗɗa ya yi gargaɗi a kai.

Haka sauran abubuwan da ake gani. Tauraron da ake cewa ya faɗo, a binciken masana, ɗan tsakuwa ne ko ƙura da ta shigo iskar duniya da gudu ta ƙone a nisan kimanin kilomita 100, wannan kuma bai kore abin da Alƙur'ani ya faɗa game da jifan shaiɗanu ba, domin ɗayan bayanin abin da ido yake gani ne, ɗayan labarin gaibu ne. Tauraro mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne mai kewaya rana. Mafi shahararsu, wanda ake kira Halley, ya bayyana a 1910 da 1986, ana kuma sa ransa a 2061. Zara da ake gani da magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, wato Zuhura, wadda wani lokaci take bin bayan rana, wani lokaci ta riga ta fitowa.

YADDA AKE SALLAR HUSUFI

A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, sallar husufin rana sunna ce. Liman yana fita masallaci ya yi wa mutane raka'a biyu ba kiran salla ba iƙama, karatu a ɓoye. Kowace raka'a tana da tsayuwa biyu da ruku'u biyu. Zai karanta Fatiha da sura mai tsawo kamar Baƙara, ya yi dogon ruku'u, ya ɗago ya sake karatu wanda bai kai na farko ba, ya sake ruku'u, sa'an nan ya yi sujada biyu. Raka'a ta biyu ma haka, sai dai ta fi gajarta. Lokacinta daga halattar nafila ne zuwa zawali. Babu huɗuba tsararriya a bayanta, amma babu laifi liman ya yi wa jama'a wa'azi.

Husufin wata kuwa, a mazhabar, ba a yi masa jam'i. Kowa yana yin nafila raka'a bibbiyu shi kaɗai, da karatu a bayyane, har ya washe. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suna ganin a yi jam'i a duka biyun, saboda haka wanda ya ga wasu sun yi jam'i kada ya ɗauke su 'yan bidi'a. Sai dai a kiyaye, salla tana rataye ne da ganin husufin. Sanarwar masana tana taimakawa a yi shiri, amma idan abin ya auku a wata ƙasa ba a gan shi a nan ba, babu salla a kan mutanen nan.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA MAI BAYANI

Wanda Allah Ya ba wannan ilmi, malamin makaranta ne ko ma'aikacin hukumar binciken sararin samaniya ko ɗan kwamitin duban wata, jama'a suna da hakki a kansa. Ya yi magana kafin abin ya auku, domin bayani bayan firgita ihu ne bayan hari. Ya yi ta da harshen da tsohuwa da almajiri za su gane. Kada ya yi wa mutane dariya a kan abin da suka gada, domin wanda aka kunyata ba ya saurare. Ya kuma tsaya inda ilminsa ya tsaya, ya bar hukuncin shari'a ga malamanta. Su ma limamai ya kamata su nemi masu wannan ilmi su ji daga gare su, domin huɗubar Juma'a guda tana isa inda takardar hukuma ba ta isa.

Daga cikin hakkin har da kiyaye idanun mutane. Kallon husufin wata ba ya cutarwa. Amma kallon rana kai tsaye lokacin husufi yana iya ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma baƙin tabarau, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da kallo a cikin ruwan kwano, duk ba kariya ba ne. Wanda ba shi da tabarau na musamman ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya dubi hotonta a ƙasa.

Lissafi ya nuna cewa ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, za a yi cikakken husufin rana wanda inuwarsa za ta ratsa Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ta bi ta kan Jidda da Makka, mutanen arewacin Nijeriya da Nijar kuma za su ga wani sashen rana ya rufe. A ranar 20 ga Maris, 2034 kuma wani zai ratsa Nijeriya da Kamaru da Cadi. Ranakun sanannu ne tun yanzu, saura a isar da su ga jama'a tare da hukuncinsu.

Allah Ya ƙara wa Musulmi ilmi mai amfani, Ya sanya su cikin masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, Ya tsare su daga camfi da fitina. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.